Gefen Tsoho a Motar Baba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. A makon jiya layi ya zo kan kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda mu jikoki muke kira Tsoho. Ya cika da hantsi a ɗakinsa na Kahu, bayan ya sha kunu ya ce a buɗe masa taga. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

A zaman makoki ina can ƙarshen tabarma, inda ake jibge jikoki, ina jin abin da masu gaisuwa suke faɗa. Wani abu ya ba ni mamaki. Mutum yakan mutu a yabe shi da abin da ya faɗa ko abin da ya bayar, amma Tsoho duk wanda ya buɗe baki sai ya yabe shi da abin da ya ƙi faɗa. Maƙwabcinsa na gabas ya ce indararonsa ya yi damina da damina yana zuba a gindin katangar Tsoho, bai sani ba sai da katangar ta zube, ya zo ba da haƙuri Tsoho ya ce dama ta tsufa. Wata Bafulatana mai kawo nono ta tsaya a bakin zaure tana share hawaye da gefen zane, ta ce ko ranar da nononta ya yi tsami har ita kanta ba ta iya sha, sai ya saya ya ce ya fi kama ciki. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya tuna takalmin da ya kawo masa wata Sallah, ya matse shi, amma a haka ya je Idi ya dawo, aka ga yatsunsa sun yi kanta. Daga cikin gida kuwa Iya, matarsa, cewa take yi tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa ce mata gishiri ya yi yawa ba, sai dai ta ga ya nemi ruwa sau biyu.

Ana ta cewa Allahu Akbar, ana ta cewa irin su sun ƙare.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba: mahaifina, surukin Tsoho. Baba ɗan kasuwar hatsi ne a Rano, mutum ne mai murya, in yana ciniki ana jin sa daga bakin titi. Amma a zaman nan ya koma gefe ya haɗa kai da gwiwa, an kawo abinci bai taɓa ba. Sai da mutane suka ragu na ji ya ce da Kawu a hankali:

“Akwai abin da na yi wa Malam, ban san ko mene ne ba. Ka tuna bazarar bara da ya ƙaurace wa motata? Daga baya ya dawo, bai ce min komai ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Ga shi ya tafi ban nemi gafararsa a kai ba.”

Kawu ya ce, “Haba Alhaji, ai mahaifinmu ba ya riƙo.”

Baba ya ce, “Ba ya riƙo, amma ba ya faɗa. In je in tarar da shi gaban Allah da me?”

Ina jin su, hannuna yana cikin aljihu, ina riƙe da amsar tambayarsa. Wani ɗan inji ne baƙi na roba, bai kai tafin hannu ba. Labarinsa nake so in rubuta, domin ban san abin da ya fi shi kama da Tsoho ba.

Ni gyaran esin mota nake yi a Kano, saboda haka Tsoho ya raɗa min Sarkin Baƙin Mai. In na shigo zaurensa sai ya janye buzunsa ya ce kada in shafa masa arziki. Ni kuma in ce ya yi sauri ya ba da wuri, Iya ta gaji da miji mara haƙori, ga saurayi ya zo. Haka muke, kamar kowane kaka da jika. Manomi ne, dawa da gyaɗa, in rani ya yi kuma ya zauna a zaure yana tufka igiyar rama, ya maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafa. Ba ya cin goro amma kullum da goro a aljihunsa saboda masu ci. Maganar da ya fi yi ita ce, “Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.” Har muka riƙa ƙarasa masa kafin ya kai ƙarshe.

Kada wani ya ɗauka sanyin hali ne da shi har ya zama ba ya iya faɗa. Na ga ranar da wani ɗan acaɓa daga Rurum ya shigo gari a guje, ya ɗoro mace mai goyo a kan buhun masara, kan jaririn yana lilo. Tsoho ya tare hanya da sandarsa, ya zare makullin babur ɗin ya jefa a aljihu, ya wanke yaron nan tas a gaban jama'a, ya ce ba zai ba shi ba sai ubansa ya zo. Sai da uban ya zo kuwa. Abin da ya taɓa wani, Tsoho yana da baki a kai har ya yi yawa. Abin da ya taɓa jikinsa ne bakin yake mutuwa.

Da ciwon zuciya ya kama shi, likita ya ce lallai a riƙa kai shi asibiti a Kano duk wata. A lokacin Baba bai daɗe da sayen jif ba, ta hannu ce amma mai lafiya, saboda hanyoyin kasuwannin ƙauye. Ya ce shi zai riƙa kai shi, kuma da hannunsa zai ja, ba zai ba wa yaro ya ja Malam ba. Sai ya taso daga Rano da sassafe, ya zo Kahu, ya tsuguna a ƙofar zaure ya gaishe shi, ya buɗe masa ƙofar gaba. Umma, mahaifiyata, ta shiga baya ta ja mayafi.

To, a duba mutanen da ke cikin motar nan. Baba suruki ne, tun da ya auri Umma bai taɓa haɗa ido da Tsoho ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Umma kuma 'yar fari ce, Tsoho bai taɓa kiran sunanta ba, in zai yi maganarta sai ya ce “ta Rano”. Mutum uku masu ƙaunar juna, kowa yana jin kunyar kowa, an rufe su a gilas tun daga Kahu har Kano. Umma ta ce min hirar tafiyar gaba ɗaya ba ta wuce guda ba. In an hau kwalta Baba zai ce, idonsa a kan titi:

“Malam, sanyin bai yi yawa ba?”

Tsoho ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Shi ke nan sai an dawo.

An yi watanni a haka lafiya. Da bazara ta kama sai Tsoho ya fara zamewa. Wannan watan ya aika cewa jiki da sauƙi, a bari sai na gaba. Na gaba ya ce an yi rasuwa a Saji, dole ya je. Ana nan sai wani ya zo rumfar Baba ya ce ya ga Malam a tashar Rano, ya sauko daga acaɓa yana jiran motar haya ta Kano ta cika. Wato ya ratsa garin surukinsa, ya wuce ta bayan rumfarsa, ya je ya matsu cikin mutane da kaji.

Wannan ya soki Baba. Ya bi kansa da bincike, ko gaisuwa ce ya rage, ko wata magana ce aka kai. Mutane kuma ba sa rasa abin faɗa, har aka fara raɗe-raɗin wai Malam yana ƙyamar motar ne don ba ya son sana'ar masu ajiye hatsi. Baba ya tura wani dattijo abokin Tsoho da goro, a ji ko akwai laifi. Amsar da ta dawo ita ce, “Babu komai, Allah Ya yi masa albarka.” Da ya zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Motar hayar kuwa sau ɗaya Tsoho ya iya, ta galabaitar da shi, daga nan ya daina zuwa asibitin ɗungurungum. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya.

Umma ta kira ni a waya ta ce, “Ka je ka ji cikin abokin naka. Kai kaɗai ne ba ya jin kunyarka.”

Na same shi ranar Juma'a bayan an sauko, yana tufka, ƙafar ta yi suntum har igiyar ta yi mata shata. Na ce, “Tsoho, in mutuwar kake so ka faɗa min in fara ɗinkin angwanci.” Ya ce Iya ba ta auren mai warin gas. Muka yi ta zagaye, na bi ta nan ya bi ta can. Sai da na miƙe na ce na tafi, kuma zan gaya wa Baba ya sayar da motar tunda ta zama abin ƙi, sannan ya ce in zauna. Ya leƙa ƙofar zaure, ya rage murya.

“Kai da kake gyaran sanyin motocin mutane, in tambaye ka. Wutar da ke cikin mota, ana iya rage mata itace?”

Na ce, “Wace wuta?”

“Wadda take fitowa ta ramukan nan na gabana. Kai, Sarkin Baƙin Mai, ko gashin tsire albarka. Da fari na ɗauka ciwon ne yake sa ni jin zafi. Rannan carbina ya faɗi wajen giya, na sunkuya ɗauka, sai na ji wani sanyi ya bugi kunnena daga wajen Alhaji. Na ce to, ashe rabo ne, nasa daban nawa daban.”

Na tambaye shi ko yana jin wata ƙara in an tayar da motar. Ya ce ƙwarai, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana sassaƙa turmi a cikin akwati, Alhaji ya ce ɓera ne har ya sa masa tarko a ƙarƙashin kujera. Nan take na gane ciwon. Dariya ta kama ni har na kwanta a tabarma, sannan kuma haushi ya biyo baya, don na tuna zafin watan da ake ciki, da zuciyar da ke ƙirjin mutumin nan.

Na ce, “Me ya hana ka faɗa?”

“In ce da wa?”

“Ka sauke gilas mana!”

“Mutum ya rufe gilas ya kunna maka sanyi don ya girmama ka, kai kuma ka buɗe? Ai ka ce masa sanyinsa ƙarya ne.”

“To Umma fa? Tana bayanka.”

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. “Ta Rano? In juya in ce mata motar mijinki tana gasa ni?” Ya ci gaba da murza igiyarsa. “Abin da ya fi ƙarfina ma, in na ɗaga bakin rawani na share gumi, Alhaji yana gani ta wutsiyar ido. Sai ya miƙa hannu ya ƙara iskar. Bawan Allah, nufinsa alheri. Sai na koyi barin gumin ya zuba.”

Na ce, “An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma kai Tsoho kai ake dafawa.”

A nan ya kafa min sharaɗi. Kada Baba ya ji. Na ce to in ya tambaye ni fa? Ya ce, “Kada ka yi masa ƙarya, ubanka ne. Kada kuma ka gaya masa.” Na ce wannan ai sai malamai.

Bari in yi bayanin ciwon yadda na yi masa. A bayan dashbod akwai wani akwati da iska take bi. Ta gefe ɗaya akwai sanyin esi, ta ɗaya gefen akwai zafin hita, wanda yake zuwa daga ruwan injin. Tsakaninsu akwai ɗan ƙyaure, shi yake karkata ya bar wannan ya tare wancan. Irin motar Baba ƙyaure biyu gare ta, na direba daban, na mai zaman gaba daban, kowanne da ɗan injin da yake juya shi. Na gefen Tsoho ne haƙoransa suka cinye, ya bar ƙyauren a buɗe ta wajen wuta, yana ta ƙoƙarin rufewa yana zamewa. Ƙarar ke nan da aka ɗora wa ɓera.

Tsoho ya ce, “Ashe har a cikin mota akwai Sarkin Ƙofa.” Sunan da ya bi abin ke nan.

A nan muka yi faɗanmu, ni da shi, na gaske ba na wasa ba. Na ce abu mai sauƙi ne, yadda muke yi wa mutane da yawa: a cire bututun da ke kai ruwan zafi ciki a haɗe shi ta waje, a kashe hitar gaba ɗaya. Wa yake neman hita a ƙasar nan? Yanzu-yanzu sai in gama, gobe ya tafi asibiti. Sabon Sarkin Ƙofa kuwa sai na koma Kano na tona kasuwar kayan gyara.

Ya ce, “In ka kashe, gefen Alhaji ma ya mutu?”

Na ce duka.

“To ban yarda ba. Mutumin da yake fita kasuwa da asuba lokacin sanyi, ga shi da ciwon ƙirji tun yana saurayi? Ka raba shi da abinsa saboda ni, kuma bai sani ba? Wannan sata ce.”

Na ce ƙafarsa ba za ta jira ba. Na ɗaga murya, har Iya ta leƙo. Ya ce, “Don ƙyaure ya lalace ba a toshe ƙofa da ƙasa. Je ka nemo.” Na fita ko sallama ban yi ba, ina cewa a raina wannan tsoho taurin kansa ne zai kashe shi.

Na nemo. Na sha tonon tarin kayan Baljiyam, wato na hannu, kafin na sami na gefen dama, don kamarsu ɗaya da na hagu amma bakinsu ya saɓa. Da na dawo Rano na ce da Baba ya ba ni motar in cire mata ƙarar nan. Ban yi ƙarya ba. Ya miƙo makulli ya ce in na kama ɓeran in nuna masa.

Na ɗauki Tsoho muka nufi gonarsa, don kada a taru a kanmu a ƙofar gida. A hanya na kunna esi, gefena ya ɗau sanyi har da daɗi. Na miƙa hannu ta gaban Tsoho na tara a ramin iskarsa, abin da Baba ba zai taɓa yi ba ko za a yanka shi. Na janye da sauri. Shi kuwa sai ya ce, “Yau ma da sauƙi.”

Muka tsaya a gindin ɗorawa. Na shimfiɗa masa buzu kusa da ƙofar, na cire kan batir, na kwance akwatin ajiya na gaban kujerarsa na ajiye a ƙasa. Daga nan aikin ba na mai girman kai ba ne: sai ka kwanta rigingine, kafaɗa a ƙasan mota, ƙafafu a waje, kai a cushe ƙarƙashin dashbod, fitilar waya a baki. Tsoho ya ce bai taɓa ganin sarki a wannan hali ba. Ya cire hularsa ya tara, duk notin da na kwance in miƙo ya karɓa ya jefa ciki. Na can ƙuryar ya ba ni wahala, hannu ba ya shiga sai a karkace, sukundireba tana zamewa, na ƙuje ɗan yatsa na fara ƙunƙuni.

Ya ce, “Kada ka zagi motar Alhaji a gonata.”

Da notin ya fito na zare soket, na jawo tsohon injin. Kafin in sa sabo na kama sandar ƙyauren da yatsa na juya ta dama da hagu, don in ƙyauren kansa ne ya karye to aikin ya zama babba, sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Ya juya sumul. Na daidaita bakin sabon da bakin sandar, na lallaɓa shi har ya zauna, don in ka danna da ƙarfi ka fasa shi tun bai fara aiki ba. Tsoho yana miƙo noti ɗaya-ɗaya daga hula, yana cewa in ƙirga da kyau kada in ce ya ci.

Na mayar da batir, na murɗa makulli, na ce kada ya taɓa komai. Muka ji ɗan injin yana zuuu a hankali, ya tafi ya dawo. Ya ce me yake yi? Na ce yana neman iyakar ƙyauren ne, inda ya buɗe da inda ya rufe, in ka dame shi yanzu sai ya rikice.

Ya ce, “A bar shi. Wanda bai san iyakarsa ba ai ba ya tsaron ƙofa.”

Sannan na ɗora shi a kujerarsa, na rufe ƙofa, na tayar. Babu ƙwas-ƙwas. Iskar ta fara fitowa da ɗumi, ta huce, ta yi sanyi, har gemunsa yana motsi. Ya rufe ido ya daɗe. Ina jiran ya yi min ba'a, sai na ji ya ce:

“Ashe wannan ne Alhaji yake ta ba ni.”

Na ɓalle tsohon injin na nuna masa cikinsa, 'yan ƙafafun roba farare, ɗaya haƙoranta sun gutsure. Na ce, “Ka gani, sa'anka ne.” Ya yi dariya har da tari. Ya juya shi a hannu, sannan ya miƙo min.

“Ajiye. Ranar da na tafi ka ba ubanka, ka gaya masa duka. Na san abin yana cin sa.”

Na ce, “Tunda ka sani, me zai hana yau?”

“In ya ji ina raye, da wane ido zai dube ni? Kunya za ta hana shi zuwa ɗauka ta, ya turo yaro. Ni kuwa ina son tafiyar nan da shi.” Ya gyara hularsa. “In na tafi babu wanda zai ji kunya, sai sauƙin ya rage masa.”

Ni dai har yau ban gama yarda da shi ba. Kawaicin da ya kusa kai mutum kabari, ya bar wani da ciwon rai shekara guda, ban san sunan da zan ba shi ba. Na faɗa masa haka, ya ce yaro man kaza. Amma watan nan da Baba ya zo ya tsuguna a ƙofar zaure, ba tare da ya sa rai ba, sai ya ga Tsoho ya fito da sandarsa ya nufi ƙofar gaba. Kumburin ƙafar ya sauka. Ya ƙara ganin damina, ya ci sabuwar gyaɗa, ya ga wata bazarar. Baba bai tambayi dalili ba, ya ɗauka an yafe masa laifin da ba a gaya masa ba, ya ƙara sunkuyar da kai.

Bayan addu'ar uku, da rana tsaka, Baba ya miƙo min makulli ya ce in ja mu zuwa Rano, shi ba zai iya ba. Umma ta zauna wajen Iya. Ya zagaya ya kama ƙofar gaba, ya ɗan tsaya, sannan ya shiga. Tun da ya sayi motar bai taɓa zama a kujerar nan ba.

Da muka fita gari na gangara gefen hanya na tsaya. Na ciro Sarkin Ƙofa na sa masa a hannu, na ce saƙo ne daga Tsoho. Na gaya masa duka, tun daga carbin da ya faɗi har hular noti. Yana ji yana juya abin. Da na zo kan share gumi da ƙara iska, sai ya dafe baki.

“Ni nake ƙara masa?”

Na ce, “Ya ce nufinka alheri ne.”

“Ina tambayarsa ko sanyi ya yi yawa.”

“Ya ce in gaya maka ba ka da laifin komai. Ya ce yana son tafiyar nan da kai.”

Baba ya juya fuskarsa wajen gilas. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar ma ban gani ba, kafaɗunsa kawai na ga suna rawa. Can ya ce, “Zafin nan, yana nan ko ka kashe shi?”

Na ce yana nan, Tsoho ya hana ni kashewa, saboda ƙirjinka da fitar asuba.

Sannan ya ce, “Mayar min da gefen nan yadda Malam yake ji. Ka ƙara iskar yadda nake ƙarawa.”

Na murɗa. Na hau hanya, gefena sanyi, gefensa wuta. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta gemu, ya jiƙa wuyan riga. Bai share ba, bai taɓa gilas ba. Muka wuce gonaki, muka wuce masu kiwo, duwatsun Rano suka fara bayyana. Na kasa daurewa, na ce, idona a kan titi:

“Baba, zafin bai yi yawa ba?”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Sai da muka shiga gari ya miƙa hannu da kansa ya mayar da sanyi. Ya sa Sarkin Ƙofa a aljihun gaba, ya ce mu koma Kahu da yamma, yana jin yunwa, kuma yana so ya zauna cikin mutane ya faɗi nasa.

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya yafe masa, Ya sanyaya masa makwanci ta kowane gefe.